Birkin ajiye ƙaramin jirgin sama: wuyar aikin a saki take

Duk wanda ya yi shekaru yana kwanciya ƙarƙashin mota a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ya san hambirki kamar yunwar cikinsa. Waya ce ta ƙarfe da ta taso daga gefen direba ta nufi ƙafafun baya, babu abin da ya haɗa ta da man birki. Ko masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ta mutu, ko tiyo ya fashe mai ya tsiyaye ƙasa, hambirki yana nan daram. Da gangan masu ƙera mota suka raba hanyoyin biyu, don in ɗaya ta ci amana ɗayar ta riƙe.

A ƙaramin jirgin sama, irin wanda mutum ke sayen sassansa cikin akwatuna ya harhaɗa da hannunsa, lamarin ya sha bamban. Da yawa daga cikin waɗannan jirage ba sa zuwa da birkin ajiyewa ko kaɗan. Mai so sai ya sayi wani ɗan bawul, wato marufin da ke buɗe hanyar mai ya rufe ta, na alminiyam wanda bai cika tafin hannu ba, irin na kamfanin Matco ko Grove ko Cleveland na Amurka, ko Beringer na Faransa, ya yanke layin man birki ya dasa shi a tsakiya. Wato a kan hanya ɗaya tilo da jirgin ke da ita ta tsayawa ake kafa shi, kuma man ƙafar hagu da na ƙafar dama duk ta cikinsa za su riƙa bi.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne da bai shafe mu ba. A filin jirgin Kpong, kusa da kogin Volta, an harhaɗa ƙananan jirage samfurin Zenith CH 701 masu injin Rotax, kuma a nan ne Patricia Mawuli, wadda ta fara da aikin tumɓuke kututture a filin, ta koyi haɗa jirgi da tuƙa shi har ta samu lasisi a 2009. Ranar da wani mai hali a Kumasi zai sauke akwatunan nasa jirgin, ba daga Amurka zai ɗauko mai lanƙwasa masa bututu ba. Yaran unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba da suka koyi aiki a Magazin zai nema, kuma ya yi daidai, domin hannun da ke tada injin tifar da aka yanke wa ƙauna ba ƙaramin hannu ba ne. Damuwata ita ce, a wannan aikin musamman, abubuwan da mota ta koya wa hannun su ne za su fi saurin yaudararsa.

A yawancin waɗannan jirage kowace ƙafa birkinta daban. Matuƙi yana da feda biyu da yake karkata jelar jirgi da su. In ya danna saman feda da yatsun ƙafa, sai ya tura fistin ɗin wata 'yar masta da ke manne da ita. Mastar hagu ta ƙafar hagu ce, ta dama ta dama. A jiragen RV na kamfanin Van's masu ƙafar gaba, ƙafar gaban sakaka take juyawa, ba a haɗa ta da feda ba, don haka in ana tafiya a hankali a ƙasa da birkin nan ake karya kwana. Birkin da ya kama gefe ɗaya a irin wannan jirgi ya juya shi ke nan, ko matuƙi ya so ko bai so ba.

A ɗauka fuskar fistin ɗin masta santimita murabba'i 2 ce, ƙafa ta sauke mata nauyin kilo 60. Matsin da ke cikin mai ya zama kusan bar 30 (bar ma'aunin matsi ne), kuma wannan matsin zai isa kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a jikin taya, yadda yake, ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17. In fistin ɗin kalifa santimita murabba'i 11 ne, zai matse faifai da ƙarfin kilo 330. Amma man da ya motsa a duk wannan bai cika cokalin shayi ba. Mai kaɗan ne ke ɗauke da ƙarfi mai yawa, saboda haka 'yan ɗigo suka zurare, ƙarfin ya bi su.

Da an ɗage ƙafa fistin ya koma baya, sai wata 'yar kafa a cikin masta ta buɗe, layin ya sadu da ɗan tankin mai da ke sama. Ta wannan kafar birki ke numfashi. Mai ya yi zafi ya kumbura, rarar ta hau tanki; ya huce ya tsuke, ko fad, wato abin da ke goga faifai, ya ci ya yi siriri, tanki ya cike gurbin. Bawul ɗin ajiyewa ba shi da wani aiki sai datse tsakanin masta da kalifa. Ba ya haifar da matsi ko na bar ɗaya. Abin da ƙafarka ta zuba shi yake tsarewa, kuma hanyar tsarewar ita ce raba kalifa da waccan kafar numfashi. Duk sauran matsalolin daga nan suke fitowa.

Bawul ɗin iri biyu ne, kuma wajibi mai haɗawa ya san wanne ke hannunsa tun kafin ya huda ramin farko. Akwai mai rufewa ruf, ba shiga ba fita. Shi sai ka taka birki, ka riƙe, sannan ka rufe. In ka rufe ba ka taka ba, ga abin da zai faru: ka danna feda ka ji ta da tauri sosai, ƙafarka ta shaida maka birki lafiya lau, alhali man a bakin bawul ya tsaya, tayoyin a sake suke. Wanda ya tashi da irin wannan bawul a rufe zai sauka ba shi da birki sam, kuma ba zai gane ba sai ya ga ƙarshen titin jirgi yana matsowa.

Na biyun yana da 'yan murafu masu sifirin a ciki. In an rufe shi, mai yana iya wucewa zuwa kalifa amma ba ya iya dawowa. Wannan ya fi daɗin aiki, domin kana iya jan hannun bawul tukuna sannan ka taka, kana kuma iya ƙara matsi a kowane lokaci. Sai dai nasa haɗarin kishiyar na farko ne. Matuƙa da yawa suna ɗan taɓa birki bayan tashi don tayoyi su daina juyawa, wasu kuma suna gwada taurin feda kafin sauka, kuma duka biyun ɗabi'u ne masu kyau. To in girgizar inji ta sa hannun bawul ya zame zuwa rufe a sama, wannan ɗan taɓawar ta makale a layi. Jirgi ya taɓa ƙasa da tayoyi a kulle. Taya ta fashe, ko jirgi ya kauce daga titi in gefe ɗaya ne ya kulle, in kuwa mai ƙaramar ƙafa a jela ne, ya kifa da hanci farfela ta daki ƙasa.

Shi ya sa nake ganin masu wannan aiki sun fi ba da hankali inda bai kamata ba. Kowa tambayarsa ita ce, ya kama? Ana ja, ana tura jirgi, bai motsa ba, sai a yi hamdala a tattara sifana. Alhali bawul da ya ƙi kamawa, galibi abin da zai jawo shi ne jirgi ya gangara a hankali ya goga fiffike a jikin wani abu, a yi asarar kuɗi. Bawul da ya ƙi saki, ko ya rufe kansa ba a sani ba, shi ne ke kai mutum asibiti. Mintoci kaɗan yake yi a rufe, sauran rayuwar jirgin duk a buɗe ake bukatarsa, buɗewa cikakkiya wadda girgiza da gwiwar fasinja ba za su taɓa ba. Ingancin dashen a nan ake auna shi.

Kafin a zo kan dashen, akwai maganar zafi, wadda mu mazauna wannan yanki ta fi shafa. Man haidirolik yana kumbura da kimanin kashi 0.07 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na zafi. A ido ba komai ba ne. Amma in an kulle shi a wurin da ba ya buɗawa ko kaɗan, lissafi yana ba da ƙarin matsi na wajen bar 10 a kowane digiri. A watan Fabrairu ko Maris, asubar Kumasi tana iya kasancewa digiri 22, azahar ta haura 33, ban da zafin da ke taruwa a ɗakin matuƙi in an rufe gilashi a rana. Jirgin da aka ja wa bawul da sanyin safiya a kan bar 30, a lissafin takarda matsinsa zai ninka sau da dama kafin azahar. A zahiri ba ya kaiwa haka, saboda tiyo da bututu da jikin kalifa suna ɗan buɗawa su sha wani kaso. Duk da haka abin da ya rage yana isa ya sa hannun bawul ya yi tauri, ko ya matso mai ta mahaɗin da ya fi rauni.

Juya lissafin kuma ka ga ɗaya fuskar, wadda ta fi yawan faruwa. Jirgi ya sauka, an taka birki sosai, kalifa ta yi zafi, man cikinta ya kumbura. Matuƙi ya ja bawul ya fita. Cikin rabin sa'a kalifa ta huce, mai ya tsuke, kuma tanki ba shi da hanyar cike gurbin tunda an datse ta. Matsin ya zube ba tare da ɗigon mai ko ɗaya ya fita ba. Iskar hadarin farkon damina, irin wadda ke tasowa daga gabas ba sallama, ta zo ta tarar da jirgi mara nauyi a sake. Ba lalacewa bawul ya yi ba, iyakar abin da zai iya ke nan. Weji a gaba da bayan taya, da igiya a fiffike da jela, su ne masu tsaron jirgin da za a bari. Da an sa su, a saki bawul.

To in haka ne, me ya sa za a sa shi tun farko? Akwai masu haɗa jirgi da suka ƙi shi gaba ɗaya, suka ce ƙarin mahaɗai huɗu ne a layin birki, kowanne kuma wurin yoyo ne, kuma ban ga laifin hujjarsu ba. Amma wanda ke tafiya shi kaɗai, yana sauka a filayen ciyawa da babu mai tarbarsa, ya san daƙiƙun nan tsakanin ɗage ƙafa daga feda da sa weji. In wurin yana da ɗan gangare, kuma ƙasarmu ta Asante ba ta rasa gangare, jirgin zai fara tafiya mutum yana rabin fita. Don waɗannan daƙiƙun aka yi bawul, kuma a ganina sun isa dalili. Wanda kullum daga rumfa mai shimfiɗaɗɗen siminti yake tashi ya koma cikinta, bai yi asarar komai ba in ya bar shi.

Wurin dasawa yana da ƙa'ida ɗaya da ba a tattaunawa a kanta: bayan masta ta ƙarshe, kafin layi ya gangara ƙafafu. A jirgi mai feda a kujeru biyu, galibi a jere ake haɗa mastocin. Mai ya fito daga tanki ya shiga mastar kujera ɗaya, ya fita ya shiga ta ɗaya kujerar, sannan ya tafi kalifa. In aka sa bawul a tsakanin mastocin biyu, matsin mutum ɗaya kaɗai zai tsare. Ɗayan kuwa da ya ɗage ƙafa birki ya saku. A kuma duba jikin bawul da kyau, ramukan shiga da na fita ba ɗaya ba ne, musamman a mai murafun nan, wanda in aka juya shi zai hana mai zuwa kalifa maimakon hana shi dawowa. Haka nan hagu da dama: layi huɗu ne ke taruwa a wuri ƙunci, a ƙarƙashin allon agogo inda mutum ke aiki a kwance da tocila a baki, kuma musanya biyu ba wuya. A sa wa kowane layi alama tun kafin a kwance shi.

Yawanci a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi ake ɗaure shi, ta ɓangaren matuƙi, ba ta ɓangaren inji ba, inda zafi zai dafa man da robobin. A yi masa mariƙi mai ƙarfi, kada a bar shi yana reto a jikin bututu. Tsakanin masta da bawul tiyo mai lanƙwasuwa ake sawa, domin masta tana tafiya tare da feda. Bututun alminiyam da ake lanƙwasawa kullum zai gaji ya tsage. Daga bawul zuwa ƙasa ana iya bin bututu mai tauri, a kama shi da maƙalai masu roba kada ya goga da komai. Sannan a taka fedar jela har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, da takalmi mafi girma da za a taɓa shiga jirgin da shi, a tabbatar babu abin da ya taɓa tiyo ko hannun bawul.

Hannun bawul da kebul ɗinsa, nan ne ya kamata a kashe yini guda ba tare da jin an ɓata lokaci ba. Wasu bawul ba su da matokari na kansu; hannun yana iya wuce wurin buɗewa ya ci gaba da juyawa har ya sake rufewa ta ɗaya gefen. Mai haɗawa shi zai ƙera matokari na ƙarfe a ƙarshen tafiyar biyu, bisa kusurwar da takardar kamfanin ta nuna. A daidaita kebul yadda in an tura maɓallin ciki, hannun bawul zai dafe matokarinsa tukuna, maɓallin kuma ya rage 'yar tazara bai taɓa allo ba. Wannan tazarar ita ce shaidar cewa bawul ne ya kai ƙarshe, ba maɓalli ba. In maɓalli ya riga kaiwa, matuƙi zai ga komai daidai alhali bawul rabin buɗe yake. A ɗaure rigar kebul gam kusa da bawul, in ba haka ba rigar ce za ta riƙa motsi a bar hannun a tsaye. Turawa ciki ta zama saki, ja waje ya zama kamu, a sa sifirin mai jan hannun zuwa saki, don ko kebul ya kwance bawul ya faɗa ta gefen da ba ya kisa. Maɓallin kuma ya bambanta da na iska da na ɗumama a siffa da wuri, a rubuta sunansa, a nisanta shi daga inda gwiwa ko hannun babbar riga ko igiyar jaka za su iya kama shi. Ɗan makunni mai kunna jar fitila a allo duk lokacin da hannun bawul ya bar wurin sakinsa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ni ba zan yarda a tashi da jirgin da na sa wa hannu ba tare da shi ba.

Rabin buɗewar nan ta fi cikakkiyar rufewa sharri, domin ba ta nuna kanta. Birki yana kamawa, yana kuma saki, amma a hankali, ko ya bar ɗan matsi a baya. A filin ciyawa mai laushi bayan ruwan sama matuƙi zai ɗora nauyin tafiyar a kan laka. Gudun tashi ya ƙara tsawo, faifai yana ta zafi. Zoben robar kalifa na yau da kullum, nau'in nitiril, ba ya jure abin da ya wuce wajen digiri 120. In ya saki, mai ya zubo a kan faifai mai zafi, kuma in akwai murfin taya babu mai gani sai hayaƙi ya fito. Tsohon man jirgi mai lamba MIL-H-5606 tururinsa na iya kama wuta tun daga wajen digiri 82, shi ya sa masu haɗa jirgi da yawa suka koma MIL-PRF-83282, wanda nasa ya haura 200.

Maganar mai ta kawo mu kan ɗabi'un mota. A Magazin in an ce man birki, DOT 3 ko DOT 4 ake nufi, kuma yaro ba ya bukatar a faɗa masa. Waɗannan daga gilaikol aka yi su, robobin birkin mota kuma don su aka zaɓe su. Yawancin birkin ƙananan jirage na Amurka man fetur ne asalin mansu, ja ne a launi, robobinsu nitiril. Zuba DOT 4 a cikinsu yana lalata robobin, kuma ba nan take ba. Sai bayan an gwada an ga lafiya, an tashi an sauka, sannan su kumbura su yi laushi. A bawul mai ƙananan murafu, robar da ta kumbura na iya toshe hanyar dawowar mai ko da hannu yana kan saki. Akasin haka ma yana faruwa: akwai birkin wasu jirage, ciki har da wasu na Beringer, da aka yi don DOT 4, su kuma jan mai ne ke kashe musu roba. Don haka tun wajen oda a tabbatar robar bawul ta dace da man da ke cikin jirgin, a rubuta sunan man a jikin tanki. Launi ba hujja ba ne, man giyar mota mai sarrafa kanta ma ja ne. Abin da kamfanin birkin ya rubuta shi ake bi, kuma gwangwani ko tiyon da ya taɓa ɗaukar wani mai kada ya kusanci wannan.

Sai leɓen bututu. Na'urar faɗaɗa bakin bututu da ke akwatin kusan kowane makanike tana ba da kusurwar digiri 45. Mahaɗan jirgi, waɗanda ake kira AN, digiri 37 ne. Ido ba ya rabe su da sauƙi, noti zai ɗauru, wataƙila ma ya riƙe mai a ranar farko. Amma fuskokin biyu ba su kwanta a kan juna ba, a siririn layi kawai suka haɗu, girgiza kuma za ta nemo wurin. Abin farin ciki, kusurwar 37 ba baƙuwa ba ce a Kumasi: masu haɗa tiyon katafila da manyan injinan haƙa suna aiki da ita, don haka a wajensu za a nemi sanin aikin, ko da yake mahaɗan kansu na jirgi za a saya. Lambar da ke bayan AN kuwa kaurin bututu ce a kason inci 16: AN3 na bututu mai 3/16 ne, AN4 na mai 1/4.

Haƙoran ramukan bawul su ma tarko ne. Bawul ɗin Amurka yawanci ramukansa nau'in NPT ne na inci 1/8, mai haƙora 27 a inci. A kasuwanninmu na Ingila, wato BSP, ya fi yawa, shi kuma 28 ne a inci, kusurwar haƙorin ma ta bambanta, 55 maimakon 60. Zai shiga zagaye biyu ko uku salin-alin, sannan ya fara cin jikin alminiyam. Ko da na daidai ne, NPT yana ƙara kauri yayin da yake shiga, ƙarfin tuwo zai iya tsaga jikin bawul. Farin tef na masu famfo kuwa a bar shi a shago. Zarensa guda ya tsinke ya shiga layi, ya zauna a bakin murfi, bawul ya daina riƙewa. Man liƙe haƙora irin Loctite 567 ake shafawa kaɗan a jikin namijin, a tsallake haƙorin farko. A kan leɓen bututu ba a shafa komai.

Wajen bilidin, wato fitar da iska daga layin birki, ma a sauya hannu. Mun saba ɗaya yana famfo a feda ɗaya yana buɗe nono, wato ɗan notin fitar da iska, a ƙasa. A ƙaramin jirgi daga ƙasa ake tura mai zuwa sama: a haɗa gwangwanin famfo mai tsabta da nonon kalifa, a tura har mai ya fito a tanki ba kumfa, tunda iska dama sama take nema. Bawul ya kasance a buɗe sarai, in ba haka ba mai murafun nan ba zai bar man ya hau ba. Iska tana son laɓewa a cikin bawul da duk inda tiyo ya yi tudu, don haka a ɗan ƙwanƙwasa jikinsa ana turawa. Feda mai laushi bayan dashe iska ce, kada a ce za ta gyaru da kanta.

Taɓa birki ba ƙaramin sauyi ba ne a jirgi. Hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ita ke da iko kan duk jirgin da ke ɗauke da rajistar 9G, saboda haka a tuntuɓi mai duba jirgin kafin a fara, a shigar da aikin a littafin tarihin jirgi, a ƙara layin sakin birkin ajiyewa a takardar dubawa ta kafin tashi da ta kafin sauka. Don ƙa'idojin lanƙwasa bututu da ɗaure shi, kundin hukumar jiragen Amurka mai lamba AC 43.13-1B yana nan kyauta a intanet.

Gwaji kuwa daga inji a kashe ake farawa. A ɗaga jirgi, a taka hagu a ga tayar hagu ce ta tsaya. A taka birki a ja bawul, a bar shi sa'a guda, a dawo a gwada tayoyin biyu, domin gefe ɗaya na iya zubar da matsi ɗayan ya riƙe, kuma jirgin da aka tayar a haka zai juya a kan ƙafa ɗaya da farfela tana gudu. A shafa farar takarda a kowane mahaɗi a nemi jan tabo. Sannan a saki, a juya kowace taya da hannu nan take, a maimaita sau da yawa, wani lokaci ana girgiza kebul da gangan. In an zo tada inji, ƙafafu su zauna a kan feda ko da bawul yana rufe, kuma haka za a ci gaba da yi duk lokacin da ake gwada ƙarfin inji. Daga nan a yi tafiya a ƙasa mai ɗan nisa ba tare da taka birki ba, a rage wuta jirgi ya tsaya da kansa, a kashe inji, a kai bayan hannu kusa da kowane faifai. In ɗaya ya fi ɗaya ɗumi, ko duka biyun sun yi zafi alhali ba a taka su ba, akwai matsin da ke makalewa. A koma kan kebul da matokari, a sake gwajin daga farko kafin a yi maganar tashi.